Faifan Baba Salissou

Shekara goma sha tara ina tuƙi a Riyad, ban taɓa ɓatar da sallahun kowa ba. Kilishi, takardun makaranta, maganin basir, har kayan lefe na taɓa kaiwa daga unguwa zuwa unguwa. Idan mutanenmu suka rasa wanda za su damƙa wa amana, sai a ce a kira Maiwada. Ina jin daɗin wannan suna, kuma ba na ɓoyewa. Shi ya sa da Hajar ta kira ni ranar Litinin da safe ta ce in je unguwar Dira in karɓo faifan babanta, ban ma bari ta gama bayani ba.

"Ammi Maiwada, ka saurare ni da kyau," ta ce. A nan aka haife ta, Hausarta da ɗingishi take tafiya, rabinta Larabci, shi ya sa take ce mini Ammi, wato baffa. "Guda ɗaya ne tak. Wahid. Shekara uku ina nemansa. Gobe da safe za a shiga da Baba tiyata, yau bayan la'asar zai ji shi. Don Allah ka kula, kada ka bar shi a..."

"Ke Hajar, tun kina firamare nake kai saƙo a garin nan. Koma bakin aikinki."

Na kashe waya ina dariya.

Baba Salissou mutumin Maradi ne, mai gyaran rediyo da talabijin a unguwar Shumaisi. Lokacin da kafilina na farko, wato Balaraben da ya ɗauko ni aiki, ya watsar da ni, ban san kowa ba, ban iya ko gaisuwa da Larabci ba, shi ya shimfiɗa mini tabarma a shagonsa wata huɗu, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Tun a lokacin na san shi da wata ɗabi'a. In yana aiki, yakan riƙa rera wani kiɗa ta hanci, a hankali, ƙafarsa ta hagu tana taka ƙasa. Yakan bi shi tiryan-tiryan har ya kai wani wuri, sai ya tsaya, ya ja tsaki, ya ɗauki sukuddireba ya ci gaba da aiki. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Na ɗauka irin abin tsofaffi ne, ban taɓa tambaya ba.

Sai da matarsa Safiatou ta rasu, ciwon zuciya ya kwantar da shi, sannan ya buɗe baki ya gaya wa Hajar, autarsa. Ashe kafin ya zo Saudiyya makaɗin ogan ne. Ogan kamar fiyano yake, sai dai shi jerin madannansa biyu ne, da wasu a ƙasa da ake takawa da ƙafa, kuma in ka danna ka riƙe, muryarsa ba ta mutuwa. A shekarar 1976 a Ikko, shi da mai jita da mai ganga da mai busa suka yi faifai guda ɗaya, jaz irin na baƙaƙen Amurka, mai ɗumi, babu waƙa ko kalma ɗaya, ogan ne ke jan gaba sauran suna bin sa. Kiɗan farko a faifan ya tsara shi ne don yarinyar da yake nema, ya sa masa sunanta. Daga baya ya aure ta, ya bar kiɗa, ya baro ƙasar, nasa faifan ya ɓace a hannun dangi. Abin da yake rerawa ke nan duk shekarun nan. Inda yake tsayawa kuwa, nan ne ya manta yadda kiɗan ya ƙare.

"Ba komi nike so ba," haka ya ce mana rannan a kan gado. "In ji yadda na rufe shi. Shi ke nan."

Hajar ta karaɗe duniya da cigiya har ta samo kwafi ɗaya wurin wani tsohon ma'aikacin rediyo a Yamai. Wata dattijuwa, Inna Delou, da ta zo umara za ta kuma biyo ta ga ɗanta mai shagon turare a Dira, ita aka ba. Na'urar juya faifan kuma Hajar ta aro ta a wurin mai gidan aikinta, can Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Komai ya haɗu. Abin da ya rage kawai a ɗauko daga Dira a kai Shumaisi, tafiyar da ko da ido rufe zan yi ta.

Inna Delou ta miƙo mini shi naɗe cikin zane. "Ɗana, a cinyata ya zo tun daga Yamai. A jirgi sun ce in sa shi sama, na ƙiya. Na sauke nauyi, yanzu yana wuyanka."

A mota na kwance zanen don in gani. Ga hoton Baba a bangon faifan, saurayi, gashi tuli guda, riga mai faɗin kwala, yatsunsa a kan ogan, yana kallon gefe kamar wanda aka kira. Sai da na yi dariya ni kaɗai.

To, ina zan ajiye shi? Kujera wurin zama ce, ba zan ɗora fuskar Baba inda kowa yake ɗora mazaunansa ba. Ƙasa wurin takalma ne. But ɗin mota kuwa da taya da jarkar mai. Mu a gidanmu a Ɗambatta, abin babba da abin daraja sama ake sa shi, a kan sif ko a kan katanga, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma har yau ban ga laifin wannan tarbiyya ba. Na goge saman dashbod da hannun rigata, na kwantar da shi a can, fuskar Baba tana kallon sama. Har daɗi na ji a raina, na ce lallai na san darajar mutane.

Aka kira azahar. Motar tana filin da ke kusa da ganuwar Masmak, babu inuwa ko ta tsinke, watan Agusta. Na kulle na tafi masallaci. Da aka idar na haɗu da wani direba ɗan garinmu, muka tsaya gaisuwa, gaisuwa ta zama shayi. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na kusa awa ɗaya.

Da na buɗe ƙofa, zafin da ya bugo ni sai da na ja baya. Sitiyari ba ya taɓuwa. Na kai hannu kan faifan na janye, ya ƙona ni. Bangon da na bari a kwance shafal yanzu ya yi doro. Na sa zanen Inna Delou na zaro shi a hankali. Gefe ɗaya ya tashi, ya lanƙwashe kamar marfin tukunyar da aka taka.

Na kunna sanyin mota na kara shi a bakin iska, wai ko zai koma. Ya huce, ya sandare a lanƙwashe. Agogo ya ce ɗaya da kwata. Waya ta yi ƙara, Hajar ce.

"Ka karɓa?"

"Yana hannuna."

"Alhamdulillah! Baba tun safe ya sa an yi masa aski. Ya sa farar riga. Yana tambaya kowane minti."

"Ki ce masa ina tafe."

Ban nufi gidansu ba. Na nufi shagon Saidou.

Saidou Badamagare ne, yana da magsala, wato shagon wanki da guga, layi biyu kafin gidan Baba. Ni Bakano, shi Badamagare, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma a hannu gwani ne, wannan ba na musu. Na taɓa ganin ya miƙar da takardar shaidar karatu da ruwa ya jiƙa ta dawo kamar sabuwa.

"A'a, bawana ya zo gaishe da ubangidansa," ya ce. Sai ya dubi fuskata ya ajiye dutsen guga. "Wa ya mutu?"

Na buɗe zanen, na ba shi labarin faifan a taƙaice. Ya juya faifan a haske, ya yi fito.

"A rana ka bar shi? Kai Bakano, wace irin kwanya gare ka? Roba ce fa."

"Ba zagi na zo nema ba. Zai gyaru ko ba zai gyaru ba?"

"Bon. Abin da zafi ya lanƙwasa, zafi ke miƙar da shi. Kullum aikina ke nan."

Wani abu a zuciyata ya ce in ɗauki kayana in tafi, in je in durƙusa gaban Baba da faifan yadda yake. Wallahi na ji muryar nan sarai. Amma na tuna farar rigar, na tuna sunana, na tuna Hajar da na katse wa magana. Na ce masa ya yi.

Ya shimfiɗa tawul a kan teburin guga, ya kwantar da faifan, ya rufe shi da farin ƙyalle ninki biyu. Ya rage wutar dutsen, ya tofa masa yawu ya saurara. Ya fesa ruwan nan nasa mai turare da yake fesa wa rigunan Larabawa. Sannan ya ɗora hancin dutsen a kan doron, ya danna kaɗan, ya ɗaga. Ya sake dannawa, ya ɗaga. Ina tsaye ina salati, gumi yana bin bayana.

"Yana sauka," ya ce. "Ka gani? Sauran kaɗan."

"Ya isa haka."

"Sau ɗaya kawai."

Ya danna na ƙarshen, ya ɗan daɗe. Da ya yaye ƙyallen, faifan ya kwanta, kusan kamar yadda aka ba ni shi. Na buɗe baki zan yi hamdala, sai Saidou ya karkata shi wajen fitila, muka gani tare. A gefen da ya guga akwai shati mai sheƙi, siffar hancin dutsen guga, tsininsa a bakin faifan, yana faɗaɗa zuwa ciki. A cikin shatin, siraran layukan nan da allura take bi sun dusashe, a can ciki ma sun shafe sumul. Na duba rubutun tsakiya. Fuska ta ɗaya ce. Kiɗa na ɗaya. Ko ban iya Faransanci ba, na iya karanta sunan Safiatou.

Saidou ya zauna a kan buhun wanki.

"Maiwada," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, kuma wannan ne karo na farko da ya kira sunana ba tsokana. "Abin nan ya shekara hamsin. Ya bi hannu nawa kafin ya zo gare ka? Mutumin rediyo, tsohuwa, jirgi, mota. Ka ce haka aka ba ka. Wa zai sani?"

Na zage shi. Na ce shi ya ƙona, na ce dama Damagarawa ba su iya komai ba sai ɓarna. Bai rama ba. Na naɗe faifan na fita, kuma abin kunyar shi ne, kafin in kai mota maganarsa ta riga ta samu wurin zama a kaina.

Na yi la'asar a masallacin layinsu, ban san abin da liman ya karanta ba. Hawa biyu ne zuwa gidan Baba, na hau su kamar mai ɗauke da buhun siminti.

Yana zaune a falo, an jingina shi da matasai, farar riga, sabon aski, hannunsa duk shatin allurar asibiti. Na'urar tana kan tebur a gabansa, ya riga ya buɗe ta ya duba ta da kansa, don mai gyara ba ya yarda da aikin wani.

"Maiwada, ka sha rana," ya ce. "Kawo shi nan."

Na durƙusa na miƙa. Ya daɗe yana kallon hoton. "Dubi gashi," ya ce, ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Hajar ta karɓa ta zaro faifan, ba ta lura da komai ba. Ta ɗora, ta sauke allura.

Aka ji ƙaras-ƙaras. Sai ganga ta shigo a hankali, sai ogan.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba, amma na san shi. Shi ne abin da na yi wata huɗu ina ji ta hancin Baba a shago, yanzu ya cika ɗaki, mai kauri, mai ɗumi, har a ƙirjina nake jin sa. Baba ya rufe ido. Ƙafarsa ta hagu ta fara taka ƙasa.

Sai "shf". Kiɗan ya dawo. "Shf". Duk zagaye ɗaya sai ya yanke kaɗan. Ba a yi minti guda ba allurar ta yi tsalle, ta zame da wata ƙara mai kankare kunne, ta faɗa tsakiyar wani kiɗa daban.

Hajar ta ɗaga allura ta mayar. Haka. Ta sake. Haka. Ta ɗauki faifan ta karkata shi wajen taga, ta ga shatin. Fuskarta ta sauya, ta koma Larabci tsantsa, tana faɗa tana kuka. Abin da na tsinta shi ne mutumin Yamai ya rantse mata lafiyarsa lau, ya ma aiko mata hoto. Ta ɗauki waya.

"To tsohuwar ce. Wallahi ita ce. Ta sa shi kusa da wuta ko me? Yanzu zan kira ɗanta, ya ji abin da uwarsa ta yi."

Ina durƙushe a inda nake. Ba wanda yake kallona. Da na yi shiru na minti ɗaya, shi ke nan, ta wuce. Na ji wayar tana ringi a kunnenta. Na tuna tsohuwar nan da ta yi gardama da ma'aikatan jirgi, ta riƙe shi a cinya har Jidda.

"Hajar, kashe wayar."

Ta dube ni.

"Ni ne. Lafiya lau ta ba ni shi. Ni na bar shi a mota a rana, ya lanƙwashe. Na kai aka goge shi da dutsen guga."

"Guga?" ta ce. "Ammi, guga? Kamar riga?"

Ban ɗago ba. Ta fara wata magana, Baba ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Ya karɓi faifan, ya kai shi hanci ya shinshina.

"Turaren Saidou," ya ce. "Tun da ka shigo nike jin shi. Na ce ko riga ka kai." Ya shafa shatin da babban yatsa, tun daga tsini har zuwa faɗin. "Ina ka aje shi a motar?"

"A sama, Baba. Kan dashbod."

"Don mi?"

"Hotonka ne a jiki. Ban iya sa shi a kujera ba."

Ya dube ni, ya daɗe. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya juya wajen Hajar ya ce, "Ɗiyata, kawo riyal guda na ƙarfe."

Ya ɗora kwandalar a kan hannun allurar don ta yi nauyi ta daina tsalle, dabarar masu gyara ta da. Ya sauke ta da kansa.

Ganga, sai ogan. Da aka zo "shf" na farko, Baba ya cike gurbin ta hanci, daidai, ko kaɗan bai kauce ba. Faifan ya karɓa, ya sake yankewa, Baba ya sake cikewa. Yatsunsa suna tafiya a kan gwiwoyinsa, hagu tana ƙasa, dama tana guje-guje, ƙafa tana takawa. Hajar ta goge ido ta kunna waya tana ɗauka. Na ce a raina ko Allah zai rufa mini asiri.

Amma shatin faɗaɗa yake yi. Kowane zagaye, shirun yana ƙara tsawo, kiɗan yana raguwa. Mai busa ya shigo guntu-guntu ya fita. Baba yana bi, muryarsa tana ƙara fitowa, yana ɗauke da rabin kiɗan shi kaɗai, gumi a goshinsa. Na san inda muka dosa, don na san kiɗan nan kamar sunana. Muka kai wurin. Baba ya buɗe ido, ya sunkuyo gaba, ya kara kunne kusa da na'urar, yatsunsa a sama, a tsaye.

Ogan ya ɗaga murya guda ɗaya, doguwa. Sai shhhhh. Allurar ta bi sumul ɗin nan da kwandalarta, ta zame, ta sauka a kiɗa na biyu, wani mai sauri, mai fara'a, ganga tana rawa.

Kiɗan fara'ar nan yana ta yi mana a ɗaki.

"Nan ne," Baba ya ce. Ya sauke hannuwansa a kan cinya. "Nan ne nike so in ji."

Hajar ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ni kuwa na kifa goshina a kan kafet ina cewa ya yafe mini, ban san sau nawa na faɗa ba. Ya bari faifan ya kai ƙarshen fuskar, ya ɗaga allura, ya cire kwandalar ya ajiye a gefe, ya mayar da faifan cikin bango a tsanake.

"Tashi," ya ce. "Gobe ƙarfe shida za ka kai ni asibiti. Kada ka makara."

Shida saura kwata ina ƙofar gida. Hajar ta shiga baya, ba ta gaishe ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Baba ya zauna a gaba kusa da ni, yana kallon titi. Mun wuce shagon Saidou, a rufe. A danja ta biyu na ji ya fara, ta hanci, a hankali, ƙafarsa tana taka ƙasan mota. Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya bi shi tiryan-tiryan har ya kai wurin, ya tsaya.

Na jira tsakin. Bai yi ba. Ina ma ya yi.